Ɓera Mai Lamba Goma Sha Bakwai

A Samaru, bayan ɗakin gwaji,
akwai ɗaki mai warin dusa da fitsari,
keji arba'in, fanka ɗaya mai tari.
Malam Barau ke riƙe da makulli.
Ya ce shekara talatin yana farautar ɓera a rumbu,
yau ga shi ana biyan sa ya ba su ruwa.

Ni aikina da hanta ne.
Ashe kowace ƙwayar jiki da likkafaninta take zuwa,
a naɗe cikin rubutun gado:
in kin lalace ki kwanta, ban da gardama.
Dubbai na kwantawa a jikina kullum,
ba makoki, ba sadakar uku,
shi ya sa nake tsaye.

Na kejin hagu an goge musu wannan layin.
Ƙwayoyinsu sun mance hanyar kushewa,
gurguwa ta haifi gurguwa,
suka cika gida, suka hau katanga.

Na dama kuwa mutuwar ce ta yi yawa.
Hanta ta shiga yaɓe da gaggawa
kamar magini da hadari ya taso masa,
tubali a karkace.
Can ma ƙari ya tsiro.
Wannan ne ya hana ni barci mako biyu.

Ranar Laraba na buɗe Goma Sha Bakwai,
mai yagaggen kunne, mai lasar yatsana.
Hantarsa ba ta kai ɗan dabino ba,
fararen ɗigo a kanta kamar tsaba a faifai.
Na ƙirga tara.
A na goma hannuna ya ƙi,
don na ga Kawu Sambo a gadon Shika,
ciki kamar tulu, ido ruwan gwaiduwa,
'yan dubiya na raɗa sammu ne,
shi kuwa yana tambayar wa ya rufe masa shago.

Barau ya leƙo da bokiti:
"Lantana, to mutuwar ce magani ko rashinta?"
Na ce awo ne, Malam, kamar gishiri.
Ya ce, "Wa ke riƙe da mudun?"

Ban amsa ba.
Hadari ya haɗo ta Kufena, wuta ta ɗauke.
Ya ɗauraye kejin a duhu,
ya zuba sabuwar dusa,
ni kuma na haska fitilar waya
na koma kan na goma.