Aron Suna

Da la'asar Madam Zalika ta zo gidanmu a Bagalam,
babur ɗinta na tari a bakin ƙofa.
Ba gishiri ta zo ara ba, ba turmi ba.
Ta sha ruwa, ta gaida Baba da jiki,
sannan ta ce da Inna:
"Ara mini takardar haihuwar Ubaida. Kwana uku kacal."

Ni ce Ubaida. Shekarata sha uku.
Ina gefen randa ina tsintar shinkafa.

Gasar ta 'yan ƙasa da sha biyar ce.
Yayata Sahura ta cika sha bakwai tun kakar gero,
amma in 'yan mata suka hau juna, hawa uku,
ita ce tushe,
ita ke cafe 'yar Tsahara in an cilla ta sama.
Ni kuwa wata shida ina wulwula muciya bayan ɗaki
har ta daina faɗo mini a ka.
Madam ta dube ni sau ɗaya, ta ce, "Baɗi."

Inna ta buɗe akwatin ƙarfe,
ta zaro ni daga ƙarƙashin takardun kuɗin wuta,
a ninke huɗu, hatimina ya koɗe.
Aka liƙa hoton Sahura a katin gasa.
Aka yi mata kitson yara,
aka ɗaure mata ƙirji da tsohon kallabi
har numfashinta na fita a gutsuttsure.
Daren nan, a katifarmu guda,
ta yi ta bita kamar mai hadda:
"Tara ga watan huɗu. Tara ga watan huɗu.
Ubaida, wace shekara ma?"
Na faɗa mata.

Ran Asabar filin wasa ya cika maƙil,
ga 'yan Tasawa, ga 'yan Madarunfa, ga masu ƙanƙara a kula.
Alƙali mai tabarau ya dubi kati, ya dubi Sahura,
ya dubi takalminta lamba arba'in,
ya ce, "Lalle abinci na karɓar yaran Bagalam,"
ya buga hatimi.
A layin 'yan Tasawa ma na hango wadda ta girmi yayata.
Wa zai tona wa?
Kowace jaka da tata takardar aro.

Badujala ta tashi, tuntaye ja da fari suka kaɗa.
Lasifika ta ce, "Ubaida Sanusi!"
Na miƙe tsaye ban sani ba.
Inna ta fizgi zanena: "Zauna. Ba ke ba ce."

Na zauna na kalli sunana yana ɗauke da mutum biyar,
jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi na ɗiga a haɓarsa.
Bai faɗi ba.
Wallahi na yi guɗa, ban iya hana kaina ba.

Kofi ya tafi lakkwal. Inna ta ƙulle jika biyar a haɓar zane.
A bayan mota Sahura ta kwance kallabi,
shatinsa kwance a haƙarƙarinta kamar an zane ta.
Ta miƙo mini takardar yabo ba ta dube ni ba:
"Riƙe. Ai taki ce."
Tana nan a bangon ɗakinmu,
baƙi na yi mini barka, ina amsawa.

Baɗin ta zo.
Na je da kantata a tafin hannu, na bi layi.
Magatakarda ya buɗe babban littafi,
ga sunana, ga ranar haihuwata,
ga fuskar da ba tawa ba tana murmushi.
Ya ɗago kai. Ya sake dubawa.

Madam ta ja ni inuwar bedi,
ta rage murya, ta gyara mini wuyan riga:
"Ubaida, ba ki da ƙanwa?"

Ina da ita.
Sunanta Hinda, tana gida,
jiya na gan ta bayan ɗaki da muciyata.