Mai Raɗa

Shekara talatin da ɗaya na yi a rami,
ƙarƙashin dandamali, a birnin Porto,
'yar fitila a gefe, littafi a cinya,
ba na ganin komai sai takalman 'yan wasa.
Ta diddige na san Abílio Sequeira
tun kafin in san fuskarsa.

Da ƙarnin kifi ya zo mana.
Ubansa masunci ne a bakin kogin Douro,
uwarsa mai tallar sardin.
Aka ba shi mashi ya tsaya bayan sarki,
aka ce ko tari kada ya yi.
Ya yi tarin.
Zaure ya kece da dariya,
tun daga daren sarki ya fara ramewa.

Sau ɗari biyu da goma sha huɗu ya mutu a gabana.
Na ƙirga, ni ce mafi kusa da gawar.
An soke shi, an shayar da shi guba, an rataye shi.
Wani dare ya faɗi dab da bakin ramina,
mutum ɗari shida na sharar hawaye,
ya buɗe ido ɗaya, ya ce,
“Graciete, kin ci abinci kuwa?”

Zamanin da masu tace magana
ke bin rubutunsa da shuɗin fensir,
bai taɓa yi musu gardama ba.
In ya iso inda aka goge
sai ya tsaya, ya yi shiru
daidai tsawon maganar da aka hana.
Har na kujerar ƙarshe sun ji ta.

Sai talabijin ta shiga gidaje.
Ya zauna a teburin kicin
yana rubutu a bayan takardar kuɗin wuta:
labarin wani mai aski a unguwar tudu,
mai bin kowa bashi, kowa na bin sa.
Daren Talata titi kan zama wayam,
masu gashi su bar garwashi ya cinye kifi.
Zantukan uwarsa ya zuba a bakin wata tsohuwa,
ƙasa duka ta haddace,
ita kuwa ta rasu ba ta taɓa sayen tikiti ba.

A can babu rami.
In ka manta, a yanke, a sake ɗauka.
Shekara tara ina kallonsa daga kujerar ɗakina,
leɓena na motsi, ba mai bukata.

Lambobin yabo suka zo.
Ɗaya ya tokare ƙofa da ita saboda iska.
Matarsa ta fita da akwati biyu,
ta ce ta gaji da auren mutum arba'in,
kuma ba ta san wanne ke cin miyarta ba.

Yanzu yana gidan tsofaffi a Matosinhos,
tagarsa na kallon teku.
Sunansa ya sulale masa kamar sabulu.
'Yarsa ta zo, ya ce da ita “Malama”.
Ran Lahadi nakan hau bas in je.
Ba na zama a kujera,
ina jan 'yar kujerar tsugunne kusa da ƙafarsa,
don daga ƙasa ya saba jin muryata.

Kalma ɗaya nake raɗawa, ta farko kawai.
Diddigen ya motsa cikin silifa.
Kafaɗa ta miƙe.
Sai ga sarki, ga mai aski, ga ɗan masunci
suna fitowa ɗaya bayan ɗaya,
mai jinya ta tsaya da tiren magani a hannu.

Can ya katse, ya duƙo yana lalube da ido.
“Wa ke nan ƙasa?”
Na ce, “Ba kowa.
Ci gaba, suna jira.”