Kukan Na'ura a Durɓi

Shekara sha tara ina gadin tudu,
Kusheyin Durɓi, gabas da gonar Audu,
Ni da gora da tocila mai batir huɗu,
Ina tsaron waɗanda suka riga mu shiga ƙasa.

Akwai allo a bakin hanya, fenti ya koɗe,
An rubuta: kada a tona, kada a buɗe,
Iska ta karya ƙafa ɗaya, gefe ya murɗe,
Amma doka ba ta koɗewa don allo ya yi tsatsa.

Daren Talata, bayan ruwa ya ɗauke,
Kwaɗi sun yi shiru, ni kuwa ina farke,
Sai ga wani kuka, ɗit, ɗit, a tsintsinke,
Ba na gyare ba ne, ba na tsuntsun da ke bisa.

Na lallaɓa ta bayan kalgo, na haska,
Mutum da sanda mai faifai, ya rufe fuska,
Yana lilo da ita a hankali cikin iska,
Diga a kafaɗa, buhu a gefensa.

Na ce tsaya! Ya juyo, rawani ya zame,
Hannuna da ke riƙe da gora ya ƙame,
Bishir ɗan ƙanwata Hurera ne na kame,
Ni na yanka ragon sunansa.

Ya ce, Kawu, shekara biyu na yi a Jado,
Rana ta gasa ni, na kwana ba gado,
Ban samo komai ba sai wannan dodo,
Shi ma bashi ne, mai shi na jiran kuɗinsa.

Ya ce, matattu me za su yi da warwaro?
Ga 'ya'yana uku, rumbu ba ko gero,
Kai da ke gadinsu, ko sun taɓa ba ka aro?
Kau da kai kawai, Kawu, asuba ta yi kusa.

Na duba ramin, bai kai gwiwa ba,
Tukunya ya fasa, bai ko lura ba,
Wadda ta ga abin da kakan kakana bai gani ba,
Ga guntun tagulla kore a tafinsa.

Na ce, in ka kai shi ga dillalin kasuwa,
Kuɗin tiya goma ma ba ya kawowa,
Sai ya haye teku, ba ya dawowa,
Jikanka ya biya kuɗin jirgi don ya hango shi daga nesa.

Abin da ke nan ba nawa ba ne in yafe,
Ba na hakimi ba, ba na mai sayen ƙarfe,
Shafi ka yage tun kan a karanta shi da safe,
Wa zai faɗa mana abin da aka rubuta a kansa?

Na ɗauko waya, yatsana na rawa,
Lambar ofis na Mani nake dubawa,
Ya zauna kan buhu, ba gudu, ba tsawa,
Da ya ruga, Allah ya sani, ba ni bin sawunsa.

Alƙali ya karanto dokar kayan tarihi,
Ya ce tono ba izini laifi ne sarihi,
Tara ko wata shida, ba dogon sharhi,
Na'ura kuwa hukuma ta riƙe, ba fansa.

Hurera ta daina gaishe ni a rijiya,
In na yi sallama sai ta juya baya,
Na sayar da san nomana, tara na biya,
Na roƙi magatakarda kada ya faɗa masa.

Jiya na mayar wa ramin ƙasarsa da hannu,
Ma'aikata sun kwashe tsingaro sannu sannu,
Bana da galma zan yi huɗa, ba shanu,
In gyare ya yi kuka da dare, sai in zabura, in ce na'urarsa.