Takardar Rahoto

Ƙarfe huɗu saura, agogo ya cije ni a kunne.
Mu shida ne a ɗakin haya bayan filin jirgin Thompson,
gado uku, muna karɓa-karɓa.
Na sa farar riga mai igiya uku a kafaɗa,
wadda na goge da gindin tukunya mai zafi.

A waje ƙanƙara ta rufe Manitoba ruf.
Kyaftin Orest Hrycak ya miƙo mini shayi a kofin takarda.
Bai ce sannu ba, ban ce ba,
gajiya ce ta gaida gajiya.

Albashi?
Mai share ƙanƙara a titin jirgi ya ɗara ni,
ba hassada ba, Allah ya ƙara masa.
Ba a fara ƙirga mini kwabo sai ƙofar jirgi ta rufe;
zaman jira da dakon jakunkuna
sadaka ce nake ba kamfani.
Bashin makarantar tuƙi kuwa kullum yana kujerar baya,
bai taɓa yankar tikiti ba.

Jiya, sawu na biyar, muna gangarowa Churchill
da fasinja tara,
har da wata tsohuwa rungume da kwalin magani,
sai idona ya rufe.
Daƙiƙa nawa? Oho.
Na farka, allura ta zarce inda muka tsara,
na waiga, haɓar Orest tana kan ƙirjinsa.
Na taɓa shi. Muka gyara. Taya ta sumbaci ƙasa.
Tsohuwar ta tsaya a bakin ƙofa
ta ce mun iya aiki.

Yanzu ga takarda a gabana.
A samanta an buga: ba a hukunta mai faɗin gaskiya.
Haka Wendell ya karanta bara,
ya cike ta tsaf,
sunansa ya riƙa ƙafewa a jadawali
har ya koma tuƙin babbar mota.

Saura wa Orest shekara biyu ya huta.
Ni saura mini komai.
Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa,
in na yi shiru, shirun ne zai riƙe sitiyari gobe.

Na sa kwanan wata.
Na sa sunana, Marlys Thiessen.
Biro ya daskare, na hura masa numfashi.
Orest ya daɗe a tsaye bayana yana karantawa,
shayinsa ya huce.
Ya ja kujera ya ce,
"In kin gama, ara mini biron."