Bawul Biyu a Ƙofar Ƙaura

Agali ya iso da la'asar ta hanyar Jibiya,
jita a kafaɗa,
amfilifaya a bayan ɗan acaɓa
an ɗaure ta da roba kamar akuyar kasuwa.
Ya ce muryarta ta dushe tun Maraɗi,
ga shi gobe da dare akwai biki a Rafindadi.

Baba Sada bai tashi daga benci ba.
Shekara uku ke nan yanar ido
ta raba shi da ƙananan wayoyi.
Ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya,
amma sauke ta.
Lawandi, zo, kai ne idona."

Na zare filogi, na kwance bayanta,
na miƙa hannu. Ya ji motsin rigata.
"Tsaya! Maciji ko an fille kansa yana sara.
Kafasita mai ƙullaci ce,
tana riƙe wuta bayan an ɗauke wuta.
Sauke ta tukuna, ka auna da mita.
Hannu ɗaya a aiki, ɗaya a aljihu,
kada ta sami hanya ta ƙirjinka."

Muka jira kwalaben su huce.
Mai shayi ya kawo kofi uku,
Agali ya ce sukarin Katsina rowa gare shi.

Bawul na hagu kansa ya yi fari fat
kamar an goga masa alli.
"Iska ta shige shi, ya mutu ke nan.
Mai rai, kansa azurfa ne."
Na kama shi ta gindi, ba ta kwalba ba,
ina jijjigawa kaɗan-kaɗan
yadda ake yi wa haƙorin yaro,
har ya saki.

Na dama lafiyarsa lau. Na ce a bar shi mana.
"Shanun huɗa ne su.
Ka taɓa ganin maraƙi da tsohon sa
a karkiya ɗaya, kunya ta miƙe?
Cire shi."

Sababbin na cikin safa, cikin jakar Agali,
tagwaye, lamba ɗaya a kwalinsu.
Ƙafa takwas kowanne,
da ɗan tudu a jikin sandar tsakiya
mai gurbinsa a soket.
Na danna, ya cije.
"Kada ka tilasta masa.
Juya a hankali har ya gane ƙofarsa.
In ya ƙi shiga, kai ne a karkace."
Na juya. Ya zauna da kansa
kamar wanda ya dawo gida.
Na goge sawun yatsuna da tsumma.

"Haɗa sifika kafin ka kunna.
Wanda aka hana magana, cikinsa ke ƙonewa."

Makunni na farko kawai. Muka ƙirga sittin.
"Faɗa mini launin."
Na ce garwashi ne ƙarƙashin toka, can a tsakiya.
"Madalla. In farantin ya yi ja
irin jan ƙarfe a maƙera, kashe, kar ka tambaye ni."
Makunni na biyu. Mita ta ce arba'in da takwas.
"Zai ci kansa kafin damina. Rage."
Na murɗa ɗan sukurun kamar mai satar buɗe ƙofa.
Talatin da biyar. Ɗan'uwansa da shida.
Ya gyaɗa kai.

Agali ya taɓa tsirkiya ɗaya.
Kofuna suka yi rawa a kan teburi,
tela na maƙwabta ya tsai da keke.
Baba ya ɗora tafinsa a kan akwatin
ya daɗe bai ce komai ba.

Da aka kira magariba na tattara shara,
na haɗa har da tsohon na dama.
Ya ce, "Ba ni wannan."
Ya shafa shi, ya naɗe a hankici,
ya laluba aljihun tebur ya sa.
"Da sauransa.
Wata rana wani zai zo da sa'ansa."