Gero a Rumbun Kamfani

Hawa na tara, Jidda, bayan Isha'i.
Esi na hura min sanyin da ban roƙa ba,
Bahar Maliya ta taga, baƙa wuluk.
Kowa ya tafi. Saura ni da rumbu.

Rumbun bayanai. Sunan na ba ni dariya:
rumbun da gara ba ta ci, ɓera bai san ƙofarsa ba.
An zuba masa mutum dubu goma sha ɗaya,
kowa an sussuke shi, an sheƙe, an bar tsaba:
shekaru, unguwa, albashi, bakin da ke ci a gida,
me ka saya ran Alhamis, da riyal nawa ka rabu.

Ustaz Mazin ya liƙa min tambaya a 'yar takarda rawaya:
me ya sa gero ke ƙarewa a kantunan kudu?
Na'ura ta riga ni amsawa.
Ta tattara masu sayen, ta ɗaure su dami guda,
ta raɗa musu suna: masu kiwon tattabaru.
Kashi tamanin da bakwai cikin ɗari, in ji ta,
ko kunya babu.

Na ɗauko rariya.
Na fitar da maza, na fitar da 'yan ƙasa da hamsin,
na bar Karantina da Sabil.
Allo ya rame, ya rame,
har ya tsaya kan layi na dubu huɗu da sha bakwai.
Mace. Sittin da uku. Baki tara.
Gero kilo goma duk wata, tsamiya, citta, kanumfari.
Gurbin dalili, wayam.
Ko mai tambaya ne ya gaji,
ko ita ce ta yi masa kallon yaro man kaza.

Wace tattabara ce ke shan tsamiya?

An goge suna, amma ba a goge hannu ba.
Irin na Inna Tasalla ne,
wadda uwarta ta zo sauke farali da ƙafa, ta Sawakin,
ta yi ta cewa baɗi za ta koma
har aka binne ta da baɗin a baki.
Kunu a filas, kofi riyal biyu, jikin katangar masallaci,
direbobi da masu shara na jira kafin rana ta fusata.
Da kofunan nan aka saya min littattafan
da suka koya min tankaɗe mutane.

In na rubuta abin da na sani, gobe a kira taro,
jadawali ya hau bango, shuɗi da ja.
Wata shida, ga garin kunu a leda mai sheƙi,
hoton ƙwarya da ludayi a goshinta,
zuba ruwan zafi kawai,
filas ɗin Inna ya huce a gefen titi.
In na bar tattabaru, na ci amanar albashi,
na kuma sa hannu an kira danginmu tsuntsaye.

Na daɗe. Shayi ya yi fata.
Layi biyu kacal na iya:
Ba tattabaru ba ne.
Sauran bayani sai an je da ƙafa.

Da asuba na je da ƙafar.
Ta miƙo kofi ba ta ɗago ba.
"Me kake yi a benen nan har tsakar dare?"
Na ce ƙirga mutane.
"Ka ƙirga da ni?"
Na shiga hura kunun da bai kai haka zafi ba.
Ta buɗe tafin hannu, duk kanta:
"Riyal biyu, malam mai lissafi.
Nan ba a shan bashi, ko na jika ne."