Rijiyar Dogon Hula

A bayan Idumagbo, inda ake faci da sayar da tayoyi,
akwai bakin rijiya da aka toshe da siminti.
Mai shayi na kife kofunansa a kai.
Kakata Lantana ta ce ta Dogon Hula ce,
ita ma a bakin kakanta Nomau ta ji,
wanda ya shekara goma sha tara yana mirgina gangunan manja
daga kwale-kwale zuwa sito a bakin Marina.

Obadiya Fenik, haka aka rubuta a goshin siton.
Baƙi ne kamar mu. Kwat ta ulu a zafin Ikko,
agogon sarƙa, sanda mai kan azurfa,
jiragen tururi biyu masu haɗiyar gawayi,
su tafi da manja da auduga,
su dawo da atamfa, da albarushi, da kwalaben barasa.
Ran Lahadi coci, ran Litinin sikeli,
kuma sikelin nan, in ji Nomau, bai san ɗan'uwa ba.

Amma a kumatunsa akwai tsage irin na Gobir,
saje bai iya rufe su ba.
Yana ɗan shekara shida aka fito da shi daga jirgin bayi a Saliyo,
aka ba shi wando, aka ba shi suna.
Garinsu ya ɓace masa, sunan uwa ya bi,
harshen ya tsiyaye kamar daga fasasshen tulu,
sai kalma ɗaya ta maƙale a gindi:
ruwa.
Wai ita ya yi ta faɗa a cikin duhun jirgin.

Shekarar da ciwon ciki ya share unguwa
ya ga mata na tace kududdufi da gefen zani.
Bai ce komai ba. Rijiya bakwai ya haƙa.
Biyu suka ba da gishiri, ya ce a sake.
Matuƙan da igiyar bakin teku ta kifar,
shi ke sayen likkafaninsu, bai tambayi alƙiblar kowa ba.
Ya fanshi bayi goma sha ɗaya,
ya ɗauke su aiki, kwabo biyu ƙasa da kowa.

Ranar da aka fara jan guga a wannan
ya zo, ya tuɓe hular, kansa duk furfura.
Nomau ya miƙa masa ƙwarya, ya ce, sha ruwa, ɗan gida.
Ya karɓa da hannu biyu.
Ya daɗe bai ɗago ba.
Washegari ya yanke wa Nomau sisi saboda makara.

Na tambayi Lantana, to mutumin kirki ne?
Ta ce, ni dai da ruwan nan aka yi mini wankan jego.

Jiya na zauna a kan simintin.
Mai shayi bai taɓa jin sunan ba.
Na sayi ruwan leda, na huda da haƙori,
na zuba kaɗan ta wata 'yar tsaga a gefe,
na kara kunne.
Da nisa, ƙasa da ƙugin motoci, na ji ya iske wani.